Gwajin Fosfomaisin a Sakkwato: Faifai, Ziri, Romo ko Sirkawa Cikin Agar?

Wata ranar Laraba a tsakiyar bazara wani ɗalibin digiri na biyu ya shigo mini ɗakin gwaji rungume da kwali cike da farantan agar, wato daskararren abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa, gumi ya jiƙa masa farar rigar aiki har baya. Ya dire kwalin a kan benci ya ce, "Malam, ranka shi daɗe, wanga magani ya mutu a garin nan. Fiye da rabin E. coli ɗin da na tara ba su jin shi." Fosfomaisin yake nufi, maganin kashe bakteriya, E. coli kuwa bakteriya ce mai yawan haddasa ciwon mafitsara. Na ɗauki faranti ɗaya na ɗaga shi ta wajen hasken taga. Faifan takarda mai magani da ke tsakiya gefensa duk gashi-gashi, da gani ka san da abin huda takardar ofis aka fitar da shi. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce shi ya yi abinsa: ya sayi sacet ɗin maganin a kemis, ya narkar da shi cikin ruwa, ya ɗiɗɗiga a kan takardar tacewa, ya bar ta ta bushe. Na ce to ina G6P? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mine ne shi kuma, Malam?"

Wata biyu na aikinsa ke nan ya tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, don da wani maganin ne, kamar jentamaisin, da wataƙila dabarar tasa ta ba shi wani abu mai kama da gaskiya. Fosfomaisin kuwa yana da hali nasa na daban, kuma wanda bai san halin ba zai zaɓi hanyar gwaji a makance. Hanyoyin huɗu ne a hannunmu: faifan takarda, zirin takarda mai ma'auni irin na Etest, sirka magani cikin romo, da sirka shi cikin agar. Kafin a ce ga wadda ta fi, sai an san abin da ke faruwa tsakanin maganin da ƙwayar cutar.

Fosfomaisin ɗan mitsitsin sinadari ne: kabon uku, haidurojin bakwai, oksijin huɗu, fosfaras ɗaya, nauyinsa 138 kacal. A 1969 aka bayyana shi ga duniya da sunan fosfonomaisin, sakamakon aikin haɗin gwiwa tsakanin kamfanin Merck na Amurka da kamfanin CEPA na Sifaniya, kuma wata bakteriyar cikin ƙasa mai suna Streptomyces fradiae ce ke ƙera shi. Dangin da ya fito ciki ana kiran su fosfonet. A yawancin sinadaran jikin mai rai, irin su ATP da DNA, akwai oksijin da ke zaune tsakanin kabon da fosfaras. A fosfonet babu ɗan tsakani, kabon ne ke riƙe da fosfaras hannu da hannu. Wannan ɗauri yana da taurin gaske. Enzayim ɗin da ke kwance fosfet na yau da kullum ba sa iya kwance shi, tafasawa cikin asid ma ba ta cika karya shi ba.

An daɗe ana zaton sai a ɗakin haɗa sinadarai ake samun irin wannan ɗauri, har zuwa 1959 da wasu Japanawa biyu, Horiguchi da Kandatsu, suka ciro 2-aminoetilfosfonet daga 'yan ƙananan halittun da ke zaune cikin tumbin tunkiya. Duk lokacin da na ga mahauta suna wanke tumbi da safe nakan tuna da wannan, abin da ake zubarwa a kwata shi ya buɗe wa masana wani babi guda. A 1988 kuma aka gano enzayim ɗin da ke ƙulla ɗaurin, wato PEP mutes, wanda ke juya fosfoenolfairubet, ko PEP a taƙaice, ya mai da shi fosfonofairubet. Daga nan Streptomyces ke fara ginin fosfomaisin, har ta kai matakin ƙarshe inda enzayim ɗin HppE ke rufe wani ɗan zobe mai kusurwa uku, kabon biyu da oksijin ɗaya. Wannan zoben shi ne makamin.

Ga yadda yake kisa. Bakteriya na gina katangarta da feftidogilaikan, kuma tubalin farko enzayim ɗin MurA ne ke aza shi: yana ɗaukar PEP ya liƙa wani ɓangarensa a jikin sukarin UDP-GlcNAc. Fosfomaisin ya yi kama da PEP, saboda haka MurA yakan karɓe shi. Da ya zauna, sai sistayin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, mai lamba 115 a jikin enzayim ɗin E. coli ta kai wa zoben hari, zoben ya buɗe, su manne da juna manni na har abada. Enzayim ya tashi aiki, katanga ta daina ginuwa, ƙwaya ta fashe. Manoman fadama ma suna riƙe da ɗan'uwan wannan dabara ba tare da sun sani ba: gilaifoset, maganin ciyawar da suke fesawa, fosfonet ne na haɗi, kuma shi ma gurbin PEP yake tarewa a jikin wani enzayim da ke dangi ɗaya da MurA.

Penisilin da sefalosforin a matakin ƙarshe na ginin katangar suke aiki, daga waje. Shi ya sa E. coli mai ESBL, wato enzayim mai lalata dangin penisilin da sefalosforin, wadda ta gagari seftiriyazon, sau da yawa takan faɗi a gaban fosfomaisin, domin enzayim ɗin da take kare kanta da shi bai san da zamansa ba. Abin da ya sa likitoci suka sake waiwayar tsohon magani ke nan, musamman ga matan da ke fama da ciwon mafitsara, wanda a gida ake haɗe shi da sauran cututtuka a ce ciwon sanyi. Sacet ɗaya mai giram 3 ake sha sau ɗaya, maganin ya fita ta fitsari yadda ya shiga, ya kuma daɗe a mafitsara da ƙarfinsa yini guda zuwa biyu.

To amma MurA a can cikin ƙwayar yake, kuma fosfomaisin mai caji ne mai son ruwa, ba zai iya ratsa fatar kitse da ta lulluɓe ƙwayar ba. Sai ta ƙofa. E. coli na da ƙofofi biyu da yake bi. Ta farko GlpT, wadda aka yi don shigo da gilisarol-3-fosfet. Ta biyu UhpT, ta shigo da sukari mai fosfet. Ita ta biyun a rufe take zama, kamar ƙofofin birni a zamanin da, lokacin da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya ke da masu tsaro. Sai ƙwayar ta ji ƙamshin gulukos-6-fosfet, wato G6P, a waje, sannan masu tsaron, UhpC da UhpB da UhpA, su miƙa wa juna saƙo a buɗe. Agar ɗin Mueller-Hinton da muke gwaji a kansa ba shi da G6P. In ba ka zuba ba, ƙofa ɗaya kawai ka bar wa maganin, ita ma fosfet ɗin da ke cikin abincin yana rage mata aiki. Ƙwaya mai jin magani sai ta fito maka a matsayin mai taurin kai. Abin da ya faru da ɗalibina ke nan, ga kuma ƙarin matsala: sacet ɗin kemis ba tsantsar magani ba ne. Giram 5.631 na gishirin fosfomaisin turometamol ne ke ba da giram 3 na maganin, sannan ga sukari da kayan ɗanɗanon lemo da aka cuɗa don a iya sha. Bai san nawa ya ɗiga a kowane faifai ba.

Bari in fara da faifai, tunda shi kowa ya sani. Faifan da aka amince da shi yana ɗauke da maikurogiram 200 na fosfomaisin da maikurogiram 50 na G6P a tare. Wannan ne babban alherinsa: an riga an ɗora maka mabuɗin ƙofa a kan takardar, ba sai ka nemi G6P daban ba, ba sai ka taɓa agar ɗinka ba. Amma ka karanta jikin kwalbar da takardar da ke ciki kafin ka biya kuɗi. Akwai faifai mai maikurogiram 50 a kasuwa, kuma ma'aunin da za mu ambata ba nasa ba ne. Ni kaina an taɓa kawo mini irinsa bayan na rubuta 200 ɓaro-ɓaro a takardar oda, mai kawowar kuma ya dage shi dai fosfomaisin aka ce ya kawo. Zoben faifai mai magunguna da yawa da ake yayi a ɗakunan gwajinmu kuwa da wuya ka ga fosfomaisin a jikinsa, sai dai ka saye shi shi kaɗai.

Aikin kansa babu sabon abu. Ka dama ƙwayar cikin ruwan gishiri har duhunta ya kai 0.5 na ma'aunin McFarland, ka shafa da auduga mai tsinke ta fuska uku a kan agar mai kaurin milimita 4, wato kamar mililita 25 a farantin milimita 90, ka ɗora faifai, ka sa a inkubeta a digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Inda ake rabuwa shi ne wajen karatu. Da safe za ka tarar da da'ira mai faɗi kewaye da faifan inda magani ya hana ƙwayar tsirowa, amma a cikinta ga 'yan ɗigon tsiro warwatse kamar an watsa gero. Da wani magani ne da sai ka ce ƙwayar ta bijire ko kuma gauraye take. A nan yawancinsu 'ya'yan da suka rasa ƙofar UhpT ne ta hanyar sauyin gado, abin da ke faruwa da sauƙi a kan faranti. Irin waɗannan sukan yi rauni, ba sa iya gogayya da 'yan'uwansu a cikin mafitsara inda fitsari ke wanke su a kai a kai. Saboda haka hukumar EUCAST ta Turai ta ce a kau da kai daga ɗaiɗaikun ɗigon, a auna bakin da'irar na waje. Wanda ya saba da ƙa'idar CLSI ta Amurka, inda aka horar da mu mu ɗauki tsiron cikin da'ira da muhimmanci, hannunsa zai yi ta kai rula ciki.

Bambancin hukumomin biyu bai tsaya nan ba, kuma wannan ne wurin da na fi ganin ɗalibai suna faɗawa rami ranar kare kundi. A wajen CLSI, E. coli ta fitsari mai da'irar milimita 16 ko fiye tana jin magani, 13 zuwa 15 tsaka-tsaki, 12 zuwa ƙasa ba ta ji. A wajen EUCAST sai da'ira ta kai 24. Haka ma a lissafin MIC, wato mafi ƙarancin maganin da ke hana tsiro: CLSI ta tsaya a 64 mg/L, EUCAST kuwa tun 2021 ta sauko da na maganin sha zuwa 8. Ɗauki ƙwaya mai da'irar milimita 20. Wannan benci zai rubuta tana ji, wancan benci zai rubuta ba ta ji, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Duk wadda ka zaɓa, ka bi ta tun daga karatun da'ira har fassara, ka kuma rubuta shekarar jadawalin da ka yi aiki da shi. Kada ka auna da rular wannan ka yanke hukunci da na waccan.

Iyakar faifai ita ce E. coli. CLSI ta ƙara da Enterococcus faecalis na fitsari, shi ke nan. Sauran bakteriya irin su Klebsiella da Enterobacter da Serratia da Pseudomonas suna ɗauke da ƙwayar gadon fosA a jikinsu tun asali, wadda ke ƙera enzayim mai liƙa gulutatayon a zoben maganin ya kashe masa kaifi. Pseudomonas ma ba ta da ƙofar UhpT sam, G6P bai ƙara mata komai. Idan ka ɗora faifai a kan Klebsiella ka fassara da ma'aunin E. coli, lambar da ka samu ba ta da gindin zama. Staphylococcus saprophyticus kuwa, wadda ba baƙuwa ba ce a fitsarin 'yan mata, da ma can ba ta jin fosfomaisin, kada ka ɓata faifanka.

Yanzu sirkawa cikin agar. Ita ce hanyar da hukumomin biyu suka yarda ita ce ma'auni, da ita ake gwada sauran. Ana jin tsoronta fiye da kima, kuma a ganina tsoron ya samo asali ne daga rashin zama a yi lissafi. Bari mu yi shi.

A ce kana da ƙwayoyi 60. Kana son jerin ninki daga 0.25 zuwa 512 mg/L, matakai 12 ke nan, ga faranti biyu marasa magani, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, don ka tabbatar kowa ya tsiro. Faranti 14. Kowane faranti na ɗaukar ɗigo talatin da 'yan kai in ka zana masa layuka a bayansa, saboda haka jeri biyu sun ishe ka: faranti 28, kowanne mililita 20, jimla mililita 560 na agar. Da faifai za ka yi, faranti 60 za ka zuba, lita ɗaya da rabi. G6P da za ka buƙata a kan 25 mg/L bai wuce miligiram 14 ba. Maganin kuwa, mililita 10 na ruwan asali mai ƙarfin 5,120 mg/L yana cin miligiram 51.2 na tsantsarsa. Sai dai garin da ake sayarwa don gwaji gishirin sodiyam ne mai nauyin 182, wanda kusan kashi 76 cikin 100 nasa ne magani, don haka wajen miligiram 67 za ka auna, ko abin da takardar shaidar kwalbar ta nuna. Kwalba mai giram ɗaya za ta ishi ɗalibai da yawa in sun haɗa kuɗi. Wahalar tana wajen samo garin da G6P tun farko, da jiran isowarsu, da samun sikeli mai auna miligiram da gaske.

Ga aikin a kusa. Ka dafa agar a tukunyar matsi, ka sauke shi cikin bahon ruwa ya huce zuwa digiri 45 ko 50, daidai yadda za ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu ba tare da ka saki ba. G6P ba a dafa shi tare da agar; ta matata mai ramin maikuromita 0.22 ake tace shi a zuba bayan an sauke. Sai ka haɗa mililita 2 na kowane matakin magani da mililita 18 na agar, ka juya a hankali kada ya yi kumfa, ka zuba. Washegari ka dama kowace ƙwaya zuwa 0.5 na McFarland, wajen miliyan 100 zuwa 200 a mililita, ka sirka ta kashi ɗaya cikin goma, ka ɗiga maikurolita ɗaya a gurbinta. Ƙwaya dubu 10 ke nan a kowane ɗigo. Akwai ƙarfe mai haƙora da yawa da ake dangwalawa da shi gaba ɗaya, amma in babu, maikurofifet da haƙuri sun wadatar. Ɗigo 840 ne da ɗoriya, kuma ka fara daga farantin da ya fi ƙarancin magani ka hau sama. Na yi shi da hannu, bayan la'asar na fara, ban ɗago ba sai da aka kira isha'i, wuyana ya yi kwana biyu yana tuna mini. Da safe sai ka jera farantan a benci ka bi kowace ƙwaya har inda ta ɓace. Koloni ɗaya tak ko ɗan hazo-hazo ba a lissafa shi.

A wannan jimlar ta ƙarshe sirrin hanyar yake. A kan agar, rikiɗaɗɗiyar ƙwaya guda tana nan inda ta faɗi, ɗigo ɗaya za ta yi, ka gan ta ka wuce. A cikin romo kuwa babu mai tsare ta. Kowane rami na farantin romo yana karɓar ƙwaya wajen dubu 50, ninki biyar na ɗigon agar, kuma guda ɗaya da ta rasa ƙofarta ta isa ta gurɓata ramin duka kafin gari ya waye. Sai ka ga rami na 8 garau, na 16 garau, na 32 ya yi duhu, na 64 garau. Wanne za ka rubuta? Shi ya sa hukumomin biyu ba su amince da romo ga fosfomaisin ba, duk da cewa ga yawancin magunguna shi ne sarki. Ɗalibin da ya ce zai yi da kwalaben gwaji jere a kan katako, yadda aka saba yi wa ruwan ganyen magani, ya sani matsalar ta fi haka girma, don romon ya fi yawa. Injinan da ke karanta kati, irin su Vitek 2, su ma a ruwa suke aiki. Ga E. coli sukan yi kusa da daidai, amma idan inji ya ce ba ta ji, ni sai na ɗora faifai na gani da idona kafin in sa hannu.

Zirin Etest da makamantansa yana da farin jini, kuma na san dalili. An ɗora masa G6P, ana shimfiɗa shi a kan agar kamar faifai, da safe ka karanta lambar MIC a inda bakin tsiro ya taɓa zirin. Babu awo, babu sirki. Ga likitan da ke da majiyyaci ɗaya mai wuyar sha'ani yana son lamba gobe, babu abin da ya kai shi sauƙi. Aibinsa biyu. Ziri ɗaya na ƙwaya ɗaya ne, kuma tsadarsa ta ninka ta faifai sau da yawa, ga shi da kuɗin waje ake sayo shi. Ɗalibi mai ƙwayoyi 60 zai ji a jikinsa. Na biyu, 'yan ɗigon nan da ke cikin da'irar faifai suna nan a nan ma, kuma sun fi ɓata rai, domin bin su na iya ɗaga lambarka daga 1 zuwa sama da 100. Mutum biyu su karanta ziri ɗaya su kawo lamba biyu. Ga Klebsiella kuwa, dacewarsa da sakamakon agar ba ta da ƙarfi. Kamfanin Liofilchem na Italiya yana sayar da faranti da aka riga aka sirka maganin cikin agar daga 0.25 zuwa 256, wanda ya ɗauke wahalar awo, amma ɗanyen agar ne da zai yi doguwar tafiya cikin sanyi kafin ya iso mu.

Wannan ya kawo mu ga abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su damu da shi ba. Inkubeta irin wadda muka fi amfani da ita ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyayawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska zai iya fin 35 da kansa. Ka saita ta a 35, ita kuma tana zaune a 39, allonta na nuna maka abin da ba ka roƙa ba. Ka sa ma'aunin zafi na gilashi a ciki, cikin 'yar kwalbar ruwa, ka duba safe da yamma ka rubuta. In da hali, ka sa farantanka da yamma su kwana, dare ya fi rangwame. Da hunturu kuma matsalar ta juya: in aka ɗauke wuta tsakar dare inkubeta ta huce, ga ƙura mai shiga ko'ina, ga iska mai busar da agar har ya tsattsage. A nan faifai ya fi haƙuri. In dare ɗaya ya lalace, faranti kaɗan ka rasa, gobe ka sake. Sirkawa cikin agar kuwa duk ƙwanka a kwando ɗaya suke. Dare ɗaya mara wuta zai iya cinye faranti 28 da garin da ka auna. Kada ka fara sai ka tabbatar da man janareta ko batirin sola, kuma in kana da zaɓin lokaci, ka kai aikin watannin Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da zafi ba ya fin ƙarfin inkubeta.

Faifai da ziri su ma suna da nasu raunin, wato laima. A firji ake ajiye su tsakanin digiri 2 da 8 tare da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi, kuma in ka fito da su ka bar kwalbar a rufe ta ɗauki zafin ɗaki kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kansu. Firjin da ke mutuwa yana farfaɗowa sau uku a yini ba wurin ajiya ba ne. Hanya ɗaya ce za ka san ko kayanka na da rai: E. coli ATCC 25922, ƙwayar ma'auni da aka riga aka san sakamakonta. A kowane zagaye ka sa ta. A agar MIC ɗinta ya faɗo tsakanin 0.5 da 2 mg/L, a faifai kuma milimita 22 zuwa 30 bisa ƙa'idar CLSI. In ta fita daga nan, sakamakon ranar duka na kwandon shara ne. Da ɗalibina ya sa ta tun ranar farko, da kwana ɗaya ya yi asara maimakon wata biyu.

To wa zai ɗauki wanne? Ɗakin gwajin asibiti ko na kasuwa da ke karɓar fitsari kullum, ƙwaya biyu yau uku gobe, faifai mai 200 da 50 ne nasa, ga E. coli kaɗai, kuma a takardar sakamako a nuna cewa na ciwon mafitsara ne mara rikitarwa. Sacet ɗaya ba ya maganin ciwon da ya hau ƙoda. Sirkawa cikin agar ba ta dace da irin wannan aiki ba, don ba za ka zuba faranti 14 saboda ƙwaya biyu ba. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani mai bincike da ya tara ƙwayoyinsa a firiza, yana son lambobin da za su tsaya a gaban mai jarrabawa daga waje ko a mujalla, ya daure ya yi agar, musamman in akwai Klebsiella cikin tarin. In kuɗi sun gaza, ya tace duka da faifai, sannan ya kai waɗanda da'irarsu ta gaza 24 zuwa agar. Ziri a ajiye shi don ɗaiɗaikun larura. Romo a bar shi. Kuma duk wanda ke ba da sakamako ya tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fosfomaisin na sha a rukunin da ake sa wa ido, na allura kuma a rukunin ajiya na ƙarshe. Ba maganin da za a riƙa rubuta wa kowa ba ne don kawai faifai ya nuna da'ira mai faɗi.

Ga mai karatun bayokemistiri, daɗin aikin yana farawa ne bayan an samu ƙwayar da ba ta ji da gaske, domin tambaya ta gaba ita ce ta wace hanya. Ko ƙofa ta toshe, ko tana da enzayim mai lalata maganin. Ana iya rarrabewa ba tare da manyan injina ba. Ka shuka ta a abincin M9 wanda babu wani tushen kabon a ciki sai G6P. In ta kasa tsirowa, UhpT ta mutu. Ka maimaita da gilisarol-3-fosfet don GlpT. Don enzayim kuma, ka ɗiga sodiyam fosfonofomet a kan faifai na biyu. Shi ma fosfonet ne, likitoci sun san shi da sunan foskanet, maganin bairos, kuma yana toshe FosA. In da'ira ta buɗe a faifan da aka ɗiga masa, ka kama ɓarawon. Wannan ya fi muhimmanci ga lafiyar jama'a, domin ƙwayar gadon fosA3 a kan filasmid, ɗan guntun DNA da bakteriya ke miƙa wa juna, take yawo, sau da yawa tare da CTX-M mai kawo ESBL, kuma an same ta a dabbobi da kaji kamar yadda aka same ta a mutane. Garin da ke da kasuwar dabbobi irin tamu da tsangayar likitancin dabbobi yana da dalilin dubawa. Masu binciken nono da kindirmo ma sun riga sun yi hulɗa da maganin ko ba su lura ba: yana cikin kayan da ake zuba wa agar ɗin Oxford don ware Listeria, wadda ke da enzayim ɗin FosX mai buɗe zoben da ruwa, ta tsiro yayin da maƙwabtanta ke mutuwa.

Ɗalibin nawa ya dawo bayan sati uku da faifan gaske da ATCC ɗinsa. Muka tsaya tare a bakin taga da rula. Faranti bayan faranti da'ira ta buɗe fiye da faɗin kwabo, da 'yan ɗigonta a ciki, yana ta kai rula wajensu ina janye masa hannu. 'Yan ƙalilan ne suka tsiro har jikin faifai. Ya ce, "To Malam, waɗanga fa?" Na ce ya sake tabbatar da cewa E. coli ne ba Klebsiella ba, ya zuba su cikin gilisarol ya kai firizar da ta fi samun wuta, sannan ya je ya tambayi mai duba aikinsa ko akwai kuɗin firaimar gano ƙwayar gadon fosA3.